Akwatin fentin ruwa na Cotman a hannun mai sikila

Akwatin bai wuce tafin hannu da yatsu ba. Na farar roba ne, a ciki akwai gurabe 12 na busasshen fenti da ɗan burushi, murfin kuma shi ne wurin gauraya launi. Kamfanin Winsor & Newton ke yin sa, wanda aka kafa a Landan a 1832. Yayata ce ta saya min bayan wata doguwar kwanciya da na yi a asibiti, da ta ga waya ta fara cinye min ido da barci.

Ina da sikila, don haka da jikina nake auna kowane kaya kafin in duba kyansa. Ɗinki na so, amma keke yana tayar min da ciwon ƙugu. Saƙa tana gajiyar da yatsu. Wannan kuwa ba ya neman ƙarfi ko kaɗan. Ina jingine da filo, faranti a cinya, kofin ruwa a gefe, shi ke nan. Idan jiki ya ce a'a a tsakiyar aiki, sai in rufe murfi in kwanta. Fentin ya bushe abinsa, gobe ɗigon ruwa ya tashe shi, babu asarar komai. Babu wari kuma, ba kamar fentin mai ba.

Launukan suna da rai. Na taɓa riƙe irin na 'yan makaranta da ake sayarwa a shagunan littattafai, wanda in ya bushe sai ya koma fari-fari kamar alli. Wannan yana barin hasken takarda ya fito ta ƙarƙashinsa. Shuɗi biyu ne, kore biyu, sai launukan ƙasa guda uku da na fi ƙauna, domin da su nake fitar da katangar gidan kakata da jan yashin bakin hanya. Babu baƙi a ciki. Ki haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu, za ki samu wanda ya fi na kwalba taushi. Abin da ke riƙe launin a takarda kuwa ƙaro ne, irin wanda ake samu a jikin dakwara a Yobe da Borno da Jigawa, har Cadi da Sudan, wanda malaman allo ke sa wa a tawada. Da na gaya wa Baba haka, dariya ya yi ya ce ashe kayanmu ne ya je ya dawo da tsada.

Mutane da dabbobi ba na zanawa, gidanmu ba a yi. Ganyen darbejiya, zoɓorodo a faifai, hadarin Agusta, sun ishe ni.

Inda akwatin ya fi yi min amfani shi ne wurin jira. Fentin ruwa ba ya yarda da gaggawa: in kin shimfiɗa launi, dole ki dakata ya bushe kafin ki ɗora wani, in ba haka ba su cakuɗe su zama laka. A wannan ɗan tsakanin nake ajiye burushi, in ja numfashi a hankali, in saki, in bi ruwan da ido yana janyewa daga gefe zuwa tsakiya, bakina yana tasbihi. Ciwon gwiwa yana nan, bai je ko'ina ba, amma ya daina zama shi kaɗai a cikin kaina. Tun 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara koya wa masu ciwon da ba ya jin magani irin wannan natsuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka. Ni dai ta hanyar jiran takarda na same ta, domin zama shiru haka kawai ba ya yi min, tunani ne yake taruwa.

Kada wani ya ɗauka magani ne. Folic acid ɗina da sauran abin da likita ya rubuta ban fasa ba, kuma ranar da ciwo ya tashi da gaske, ko zazzaɓi ya shigo, ko ƙirji ya riƙe, asibiti ake nufa, ba akwati ba.

Ga mai niyyar saya: ba shi da arha, farashinsa yana bin dala, sai dai yana daɗewa sosai. Burushin ciki na tafiya ne, siriri, don haka mai ciwon yatsu ta ƙara da wani mai kaurin mariƙi. Takardar littafin rubutu tana kumbura ta yage, a nemi ta fentin ruwa mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita. Da hunturu fentin yana bushewa tun kafin ki gama jan layi, sai ki fara jiƙa takardar, kuma da ruwan ɗumi nake aiki saboda sanyi ba abokinmu ba ne. Kofin wanke burushi ya bambanta da na sha, tunda mu ba ma rabuwa da ruwa a kusa.