Masu furojet kan Schiff base, ku tambayi injin FTIR kamin ku biya

Salam 'yan uwa ɗaliban kemistiri na Kalgo da Aliero, ga abin da na gani a wani lab mai zaman kansa nan Birnin Kebbi inda munka kai samfur ɗinmu. Aikina Schiff base ne, wato haɗa amin da aldehaid har ruwa ya fita a samu C=N (haɗin kabon da naitirojin), abin da Hugo Schiff ya gano tun 1864. Nawa daga salisilaldehaid na yi shi cikin itanol, ya fito rawaya shar, da anka sa gishirin jan ƙarfe ya koma kore.

Gwajin ƙwayoyin cuta kam wallahi sun iya. Sun narkar da samfur cikin DMSO (wani ruwan narkarwa), sunka huda ramuka a agar ɗin Mueller-Hinton (abincin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai) da anka shafa ma Staphylococcus aureus da E. coli, awa 24 a inkubeta kan digiri 37. Abin da ya burge ni shi ne sun bar rami guda na DMSO zalla, wani kuma na siprofloksasin (sanannen maganin kashe ƙwayoyin cuta), don in ba haka ba ta ina za ka san maganinka ne ya kashe ƙwayar ba ruwan narkarwar ba? Kuma a gabana matar da ke aikin lab ɗin ta ɗora rula ta auna kewayen da ya washe da milimita, wanda bai yi komi ba ta rubuta sifili, ba ta ƙara mashi ko ɗigo don in ji daɗi. Mai jan ƙarfen ya fi ligan ɗin zalla (wato Schiff base ɗin da ba a sa ma ƙarfe ba) ƙarfi, dama haka aka fi gani saboda ƙarfen in ya kama ligan yana sa shi ratsa kitsen bangon ƙwayar cikin sauƙi. Suna da sola, wuta ba ta yanke ma inkubeta.

Inda raina ya ɓaci FTIR ne, wato gwajin da ake haska samfur da hasken infrared don a gane irin haɗin da ke cikinsa. Injin nasu yana karatu daga 4000 ya tsaya a 650 (a ma'aunin cm⁻¹), alhali alamar haɗuwar ƙarfe da naitirojin ko oksijin tana ƙasa, tsakanin 400 da 600, to kun ga abin da sufabaiza zai fara nema kenan kuma babu shi a takardar, kuma ba wanda ya faɗa min sai da na biya. C=N ya fito sarai wajen 1600 da ɗoriya, ya kuma gusa bayan an sa ƙarfe, hujja ce amma ba ta isa ita kaɗai ba, dole na sake aika samfur wani gari.

Kuɗinsu da sauƙi, sakamako kuma sun turo ta WhatsApp kan lokaci. Gwajin ƙwayoyin cuta ku kai masu ba fargaba, FTIR na kompules (ligan da anka haɗa da ƙarfe) kuwa ku fara tambaya ko injin yana sauka har 400. Kuma ku busar da samfur sosai a desiketa kamin ku kai, danshi yana ɓata karatun wajen 3400.