Xobdo: na shiga neman kalma ɗaya, na zama ɗan sa-kai

Ranar da aka fara ajiye min wani girki mai suna khar a gidan su abokin karatuna a Guwahati, birni mafi girma a jihar Asam ta Indiya, loma ɗaya na kai baki na ji ɗanɗanon da na sani tun ina yaro. Mahaifiyarsa ba ta jin Turanci, ni kuma harshen Asamiya bai wuce gaisuwa a bakina ba. Sai abokin ya ciro waya ya buɗe wani ƙamus mai suna Xobdo, ya nemo min kalmar. Daga nan hira ta ɓarke, har na gane ashe ɓawon ayaba suke busarwa su ƙona, su tace tokar da ruwa, su zuba a girki. Ruwan toka ke nan, irin wanda kakata take tatsa daga tokar kara.

Tun daga ranar ƙamus ɗin ya zama abokin tafiyata. Ma'anar sunansa “kalma”, kuma wannan x ɗin ba kamar na Turanci ake furta shi ba, daga maƙogwaro yake fitowa kamar khā'un na Larabci. An buɗe shi a intanet a 2006, wani injiniyan man fetur ɗan jihar Asam mai suna Bikram Baruah ne ya assasa shi yana zaune a Abu Dabi. Kyauta ne, masu jin harshen ne suke zuba kalmomi suna gyara wa juna. Daga baya aka buɗe ƙofa ga sauran harsunan arewa maso gabashin Indiya, irin su Bodo da Karbi da Dimasa da Mising da Khasi da Garo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka ɗaure kalmomi a jikin ma'ana. Ka nemi abu ɗaya, sai ka ga yadda maƙwabta suke kiransa, kowa da bakinsa. Masu Asamiya sun haura miliyan 15 a ƙidayar 2011, suna da tsohon ƙamus na Hemkosh tun 1900, suna da jaridu da makarantu. Ƙananan harsunan kan duwatsu ba su da wannan gatan, shi ya sa ganin kalmarsu jere da ta babban harshe a shafi ɗaya yake da daraja a wurina.

Sa-kai kuwa abokina ne ya ja ni. Na ce masa me baƙo zai ƙara a ƙamus ɗin harshen da ba nasa ba? Ya ce in zo mu raba aiki. Iyayensa mutanen Nalbari ne a yammacin Asam, karin harshensu na Kamrupi ya bambanta da daidaitacciyar Asamiya ta gabas wadda ake rubuta littattafai da ita. Duk ranar Lahadi sai mu zauna da mahaifiyarsa bayan an kawo tamul, ɗan ƙwallon da suke tarbar baƙo da shi kamar yadda muke yi da goro. Ita ta faɗi kalma, shi ya rubuta ta da baƙaƙensu, ni kuma in yi ta tambaya har ma'anar ta fito fili, sannan mu tsara bayaninta da Turanci. Nan na gane amfanin baƙo: abin da ɗan gida yake ganin kowa ya sani, ni sai an warware min shi dalla-dalla. Mun kwashe yamma guda cur a kan kayan kamun kifi kaɗai, tana nuna mana bambancin jakoi da ake kamfatar kifi da shi da khaloi da mace take ɗaurawa a ƙugu tana jefa abin da ta kama. Waɗannan biyun mun tarar an riga mu sa su, amma a cikin hirarsu ne wasu kalmomin ƙauyensu suka faɗo, muka shigar.

Aikin yana son haƙuri. Dole ka sa baƙaƙen Asamiya a wayarka, kada ka ɗauki na Bangali don sun yi kama, domin harafin ra nasu daban ne. Kuma da yake aikin sa-kai ne, harshen da ya samu hannaye da yawa shi ya fi cika. Asamiya ta yi nisa, wasu ƙananan kuwa suna jiran masu su.

Duk ɗalibin da karatu zai kai shi Asam, ina ba shi shawarar ya riƙe Xobdo tun makon farko, kuma idan ya samu abokin da ke da tsohuwa a gida, su zauna da ita. Ranar da muka nuna wa mahaifiyar abokina wata kalmar ƙauyensu a fuskar waya, ta karɓa ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce mu dawo Lahadi mai zuwa, akwai sunayen kayan saƙa da ba mu taɓa ba tukuna.