Hattara da masu yawo gida-gida da "allurar kaji"

Jama'a, musamman iyayenmu mata masu kiwon kaji a tsakar gida, a yi hattara. Da hunturu ya kama, kaji suka fara faɗuwa, sai ka ga wasu samari sun bazu cikin lungunan Kano, daga Dorayi har Kurna da Rijiyar Lemo, da farar riga da sirinji, wai an turo su yi wa kaji rigakafi. Kowace kaza da kuɗinta, har 'yan tsaki ba sa ɗaga wa ƙafa. Ga daɗin baki: "Hajiya, allura ɗaya ce tal, shekara guda ba ke ba annoba."

Ku lura da inda yake zaro kwalbar. Daga aljihun wando ne, ko daga leda da ke rataye a babur, rana na dukanta tun hantsi. Alhali Lasota, wato rigakafin Niyukasul, cutar nan mai sa kaji koren kashi da murɗewar wuya, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Sanyi take so, digiri 2 zuwa 8, a firij ko cikin kula mai ƙanƙara. A bushe take zuwa, dunƙule a gindin 'yar kwalba, kuma da an jiƙa ta, bayan kamar awa biyu ta tashi aiki. A ruwan sha ake bayarwa ko a ɗiga a ido, haka ma rigakafin cutar Gumboro a ruwa ake sa wa tsaki. To wancan ruwa mai ruwan ɗorawa da yake zuƙowa daga gora yana tsira wa kaza fa? In an yi sa'a bitamin ne.

Asarar kuɗin ma da sauƙi. Mutumin nan ya fito daga gidan da kaji ke mutuwa, ya shigo akurkinki da takalmin nan, da hannun nan, da allurar nan guda ɗaya. Shi ne ɗan aiken cutar. In kuwa ya ce zai warkar da wadda ta riga ta kamu, ƙarya yake, rigakafi na mai lafiya ne.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka ku haɗa kuɗi da maƙwabta a je shagon maganin dabbobi, ko a nemi shawara a asibitin dabbobi na Gwale. A ciro ta daga firij a gabanku, a duba ranar lalacewa, a taho da ita cikin ƙanƙara. Akwai kuma I-2, ita ma ta rigakafin Niyukasul ce, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke yi, ta fi jure zafi, amma ita ma ba ta aljihu ba ce. Kada a jiƙa da ruwan famfo, sinadarin kulorin na kashe ta. A ɗauke wa kajin ruwa na awa biyu tukuna don su sha da ƙishi, sannan a maimaita duk bayan kamar wata uku.

Duk wanda ya yi sallama da sirinji, a tsayar da shi a zaure, a kira mai gida ko mai unguwa ya ga katin shaidarsa.