Makarantar gwamnati ta unguwarmu a Garwa ta Kamaru, ga masu tambayata kafin rantire

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda rantire, wato komawa makaranta bayan dogon hutu, ya matso mata suke ta tsare ni a hanya da wajen biki, wai yaya makarantar nan ta gwamnati da yarana suke ciki, ko gara mutum ya daure ya kai franko-arab mai Faransanci da Larabci ko ta 'yan mishan. Toh na ga gara in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunanta ba sabida akwai abubuwan da zan faɗa marasa daɗi kuma malaman mutanenmu ne, muna haɗuwa a kasuwa. Yarinyata tana CM2 bana, wato aji shida na ƙarshen firamare, ƙaninta yana CE1, aji uku, dukansu tun daga SIL, aji ɗaya, a nan suka fara. A taƙaice dai ina ba da shawarar a kai yara, amma ga uwar da za ta iya taka ƙafa ta je makarantar da kanta. Wadda za ta tura yaro da safe ta manta da shi sai ranar karɓar karne, wato takardar sakamakon yaro, wallahi ba zan ce mata ta kai ba.

Maganar kuɗi tukunna tunda ita ce kowa ke fara tambaya. Tun shekarar 2000 gwamnati ta ce firamare kyauta ce a Kamaru, kuma gaskiya ba wanda ya taɓa ce min in biya kuɗin makaranta. Amma akwai kuɗin APE, wato ƙungiyar iyayen yara, ga tenu wato yunifom, ga kayan wasanni, ga kaye (littafin rubutu) da bik (biro) da ardwaz (ɗan allon rubutu) da alli, in yaro ya kai CM2 kuma ga kuɗin dosiye, wato takardun rajista, na CEP, jarrabawar gama firamare, da konkur, jarrabawar shiga sizyem, ajin farko na sakandare. Littattafai sun ɗan yi sauƙi tun 2017 da aka ce kowane darasi littafi ɗaya ne kuma ba za a canza shi ba sai bayan shekara 6, ni dai na yayar na ajiye wa ƙanin, wanda ya yage na nemi na hannu a babbar kasuwa. Duk da haka in ka haɗa lissafi bai kai rabin abin da maƙwabciyata take kashewa a makarantar kuɗi ba.

Ƙarfe 7:30 ake shiga aji, amma yara suna zuwa kafin nan don shara, kowane aji da ranarsa. Litinin ana ɗaga tuta a rera taken ƙasa, direkta ya yi musu nasiha, a duba farce da tenu. Laraba rabin wuni ne, Juma'a kuma ana sakinsu da wuri yadda maza za su samu masallaci, wannan kam na yaba musu sosai. Nawa da asuba suna fara zuwa makarantar allo su dawo su sha kunu su wuce lekol, bayan la'asar su koma wajen malam, gajiya kam suna gajiya amma haka muka taso mu ma. Lokacin rekre, wato ɗan hutun tsakiyar karatu, mata suna zaune a gindin darbejiya da makala da wake da ƙosai da folere mai sanyi a leda, dala goma ko dala ashirin ta ishi yaro. Da can kowa ke shigowa da tallarsa ƙuda na bi, sai iyaye suka tsaya a kan lallai mai sayar da abinci ta rufe kwanonta kuma direkta ya san ta, sabida a arewa mun san abin da kwalara take yi in damina ta sauka. Makarantar ba ta ba da abinci, kar wani ya sa rai.

Cunkoso kam akwai shi, ba zan ɓoye ba. Ajin ɗana benci na mutum biyu yara huɗu ne a kai, wasu a ƙasa kan tabarma. Ku da kuke Garwa kun san watan Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, rufin kwano ne babu silin, yaro ya dawo gida ido ja kamar garwashi ya kwanta ko abinci ba ya iya ci. In azumi ya faɗo a wannan lokacin kuma manyan cikinsu da suka fara gwada azumi abin tausayi ne. Akwai foraj, wato rijiyar burtsatse, a cikin makaranta, alhamdulillahi, amma in ya lalace sai an jira an tara kuɗi, shi ya sa kullum nake cika musu gora daga gida.

Abin da ya fi kwantar min da hankali shine madam ɗin SIL. Ku duba fa, yaron Bahaushe a garin nan Hausa yake ji a gida, ya fita waje Fillanci, ya je allo Larabci, rana ɗaya a zaunar da shi a ce daga yau Faransanci, ga Ingilishi ma an ɗora masa tunda harsunan gwamnati biyu ne. Yara da yawa a nan suke yin shiru, a ce ba su da ƙwaƙwalwa alhali magana ce kawai ba su gane ba. Ita wannan baiwar Allah 'yar kudu ce amma ta daɗe a arewa, Fillancinta ya nuna, Hausa ma tana taɓawa, in ta faɗi abu da Faransanci ta ga idanun yara sun tsaya sai ta juya shi da yaren da suke ji sannan ta dawo ta sa su maimaita, da waƙa da tafi da ƙirga da murafun kwalba. Ɗana da ya shiga ko gaisuwa bai iya ba, kafin ƙarshen shekara yana karanta allunan shaguna in muna kan kilando, wato babur ɗin haya. Allah ya saka mata da alheri. Sai dai ba duka malaman ne haka ba, akwai waɗanda ake turowa daga nesa, su yi shekara ɗaya suna neman hanyar komawa, aji ya zauna wata guda babu malami.

A nan ne maganar APE take shigowa kuma ita nake so ku saurara da kyau. Malaman da gwamnati ta turo ba su kai yawan azuzuwa ba, sauran iyaye ne ke ɗaukarsu su biya su, su ake kira metir-paran. Albashinsu ɗan kaɗan ne ƙwarai kuma daga kuɗin nan na APE yake fita, haka gyaran benci da alli in kayan da gwamnati ke aikowa sun makara, haka mai gadi. Don haka duk wanda ya hana kuɗin APE ya sani malamin ɗansa ya hana. Amma su ma masu hanawar suna da hujja, don shekarun baya ana karɓa ba a san inda yake zuwa ba, a kira taro a yi ta Faransanci daga farko har ƙarshe, maza 'yan boko a gaba, mu mata a can baya ba mu ji komai ba sai a ce a tafa. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya miƙe wata rana ya ce ranka ya daɗe direkta, mu kuɗinmu da Hausa da Fillanci muka nemo su, a yi mana lissafinsu da harshen da muke ji. Daga ranar aka sa masu fassara. Yanzu ma'aji yana tsayawa gaban allo ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya biya a ba shi rasit, in kana da tambaya ka ɗaga hannu ko ke mace ce. Direktan da yake nan yanzu bai taɓa nuna ɓacin rai a kan tambaya ba, ofishinsa a buɗe yake, kin zo da zanin aikin gida ma zai ba ki kujera ya ce hajiya me ke tafe da ke. Ni wannan ya fi min fenti da bene.

Mu mata kuma muna da tamu ƙungiyar ta uwayen ɗalibai, AME. Aikinmu ba na kuɗi ba ne sosai, na ƙafa ne. In madam ta ce yarinya kaza kwana nawa ba a gan ta ba, mu biyu ko uku za mu yi sallama gidan, sau da yawa talla ce, an ɗora mata goro ko dafaffiyar gyaɗa sabida uwar ba ta da wata hanyar. Ba faɗa muke zuwa yi ba, dukanmu mun san talauci, muna zama ne a nemi dabara, ko tallar ta koma bayan an tashi ko a haɗa wa uwar ɗan jari daga adashinmu. Wasu sun dawo wasu ba su dawo ba, akwai wadda har yau in na tuna ta raina ke ɓaci, yarinya mai ƙoƙari aka cire ta a CM1, aji biyar, aka ce an yi mata miji. Mu ne kuma muka matsa aka raba banɗakin mata da na maza aka sa ƙofa mai sakata, don manyan 'yan mata da suka fara al'ada zama suke yi a gida saboda kunya, maza a taro ba za su taɓa kawo wannan maganar ba.

Sai akt, takardar haihuwa. Dan Allah iyaye ku ji wannan. Ana karɓar yaro a SIL ko ba shi da ita, sai mutum ya saki jiki, shekara 6 ta wuce, ranar haɗa dosiye na CEP a ce babu akt babu jarrabawa. Yawancinmu a gida muke haihuwa ba a kai rahoto meri, ofishin magajin gari, ba, in lokaci ya wuce kuma sai an bi ta kotu an yi jujman, wato hukuncin da za a ba da akt ɗin da shi, ga kuɗi ga zirga-zirga. A makarantar nan yanzu tun daga CE ake fitar da sunayen marasa akt a ba mu, mu bi gida gida, in an ji za a yi zaman kotu na musamman don yaran makaranta direkta yana sanar da mu da wuri. Wannan aikin kaɗai ya isa in ce a kai yaro can.

Karne ma sai da aka zaunar da mu aka yi mana bayani, don tsarin yanzu ba lamba kaɗai ba ce, akwai haruffa, A ya iya, ECA yana kan hanya, NA bai iya ba tukunna. Iyaye da yawa suna dangwala hannu ne kawai su mayar. Ki je ki samu malamin bayan an tashi ki ce metir nuna min inda yake da rauni, za su nuna miki, ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

Wasanni da shagali akwai daidai gwargwado. Makon matasa kafin 11 ga Fabrairu shine babban lokacinsu, ana ƙwallo tsakanin azuzuwa, ana raye-rayen gargajiya kowace ƙabila da nata, Fali da Fulani da Tupuri da mu Hausawa da kalangu, a zaɓi waɗanda za su yi defile wato fareti, yarinyata ta yi bara sati guda ba ta yi barcin kirki ba don murna. Ranar 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasa, ma haka. Akwai ɗan lambu a bayan aji da suke shuka yakuwa da kuɓewa, sai dai awakin unguwa sun fi yaran cin moriyarsa tunda katangar ba ta zagaye ba, 'yan kilando ma ta tsakiyar fili suke yanke hanya yara na wasa, wannan abin yana tayar min da hankali matuƙa. Duk shekara ma'aikatan lafiya suna zuwa ba da maganin tsutsar ciki, ku bar yara su sha, musamman masu zuwa wanka kogin Binuwai, kuma a ba su abinci kafin su fito ranar.

Abubuwa biyu ne har yanzu ban yarda da su ba. Na farko bulala. Dokar ilimi ta 1998 ta hana dukan ɗalibi amma akwai malamin da tiyo ba ya barin hannunsa, kuma abin haushi wasu iyayen ne ke cewa a ƙara masa. Ni ban hana a hori yaro ba, amma yaron da aka zane don bai iya karatu ba tsoron makarantar yake koya. Na kai ƙara wajen direkta, ya yi magana, an samu sauƙi ba a daina ba. Na biyu repetisiyo na 'yan CM2, darasin yamma na kuɗi. An ce ba dole ba ne, amma in abin da za a tambaya a jarrabawa a can ake yinsa ai ya zama dole, marayu da 'ya'yan marasa hali su ake bari a baya. Mun sa maganar a taro mai zuwa, so muke APE ta ɗauki nauyin waɗanda ba za su iya ba ko a mayar da shi kyauta ranar Laraba da yamma.

Mai niyya kar ta jira ranar rantire a watan Satumba, layi yana yin tsawo kuma SIL tana cika da wuri. Ki je tun ana saura sati biyu da kwafin akt in akwai da katin rigakafi da hotunan yaro, ki karɓi rasit na duk abin da kika biya, ki tambayi ranar taron iyaye na farko ki rubuta ta. In babanshi ba zai samu zuwa ba ke ki zo, muna zama ta gefen dama kusa da allo, kuma bana maganar katanga da benci za mu fara tayarwa.