Ruwan khal na tuffa da irin tsaminsa

Kwalbar ruwan khal na tuffa da na yi wata guda ina amfani da ita ta sa na sake nazarin kalmar tsami, domin da ita muke siffanta lemon tsami da madarar da ta kwana, alhali kowanne da irin nasa. Tsamin lemo, wanda sinadarin sitirik ke haifarwa, a harshe yake tsayawa. Na khal kuwa daga sinadarin asetik yake, wanda ke bin iska, shi ya sa da na buɗe murfin ya doki hancina har idona ya kawo ruwa tun ban ɗanɗana ba.

Takardar jikin kwalbar ta nuna asetik kashi 5 cikin 100, wato ma'aunin da aka saba gani a khal na girki. Ruwan ba garau yake ba, akwai ɗan guntsi kwance a gindinsa, ragowar ƙwayoyin halittar da suka tsamar da shi, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce. Da na zuba cokali ɗaya a kan yankakkiyar albasa, ba a jima ba zafinta ya kwanta, tsamin ya fito tas, babu ɗaci, babu baurin da ke ɗaure baki, ga ƙamshin tuffa yana biyo baya.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne faɗin bakin kwalbar, wanda ke sa ruwan ya kwararo fiye da bukata. Haka kuma takardar ba ta gargaɗi mai sha ya sirka shi da ruwa ba, alhali tsami mai wannan ƙarfi yana cin haƙori.