Wane makunnin batir ya kamata ka saka wa jirgin ruwanka?

Masu jirgin inji a Tiga da Challawa da Bagauda yawanci cikin garin Kano suke shigowa siyan kayan wayar wuta, ko Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, kuma abin da mai shago ya miƙo shi ake ɗauka. Toh kafin ka ciro kuɗi ka san makunnin kala uku ne a kasuwa. In injinka na igiya ne irin ƙananan Yamaha ɗin nan da ake fizga, kuma ba ka da fitila ko famfo, wannan maganar ma ba taka ba ce.

Na farko shi ne mai kunnawa da kashewa kawai. Batir ɗaya gare ka? Shi za ka siya, shikenan. Ka ɗaure jirgi ka murɗa, babu abin da zai tsotse maka caji cikin dare.

Na biyu wanda aka fi sani, mai 1, 2, BOTH da OFF a jikinsa. Batir biyu ake haɗa masa, ɗaya na tada inji ɗaya na fitilu da rediyo da cajin waya, in na tashin ya yi sanyi ka murɗa zuwa ɗayan ko ka haɗe su ka tada. Yana da araha amma fa duk aikin a kanka yake, ka manta shi a BOTH ka kashe inji kuna ta hira da fitila a kunne, duka biyun za su sauka tare, kaga ajiyar da ka yi ta tashi a banza kenan kana tsakiyar ruwa. Sannan wlh kar ka kuskura ka kai shi OFF inji na aiki, wutar da altaneta (na'urar da ke yi wa batir caji) ke turowa ta rasa inda za ta je sai ta ƙona masa diyod. Ka tambayi mai shago ko yana haɗa batir na biyu kafin ya saki na farko in ana murɗawa, masu kyau haka suke.

Na uku shi ne ni zan ce ka siya in aljihu zai ɗauka. Murɗawa ɗaya yana kunna layi biyu amma kowanne daban, inji da batirinsa, fitilu da nasu, da wani matsayi na haɗe su in an shiga matsala. Ana ɗora masa rile, wato wani ɗan makunni mai aiki da kansa, da inji ya tashi wuta ta haura bolt 13 sai ya haɗe batiran su yi caji tare, inji ya tsaya ya raba su. Ko yaron jirgi ka bar wa ba abin da zai ɓata.

Wajen siya ka duba amp, wato yawan wutar da zai iya ɗauka yana aiki ba tsayawa, ba babbar lambar 'yan daƙiƙun tashi da ake bugawa a kwali ba. Ƙaramin na kamfanin Blue Sea amp 300 ne, mai bi masa 350. Ka ɗaga shi a hannu, na gaske da nauyi, ƙusoshin bayansa masu kauri ne na tagulla, jabun kuwa sakayau kamar kayan wasan yara.

Makunnin a jan waya yake zama, baƙaƙen kuma a haɗe su waje ɗaya. Layin fitilu a saka masa fis dab da kan batir, ƙa'idar Amurka ta ce kar ya wuce inci 7. Famfon kwashe ruwa shi kam kar mai rewaya ya bi da shi ta makunni, kai tsaye daga batir da nasa fis ɗin, don ruwan Agusta na iya cika jirgi kana gida kana barci. Waya kuma ka nemi wadda aka shafe da kuza, ta mota da wuri take yin kore a danshi.