Kano zuwa Gwanzu ta Adis Ababa: abin da na gani a hanya

Ranar da na karɓi tikitina na Chaina, sai da gabana ya faɗi. Tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe ɗaya da rabi na rana, sauka a filin Baiyun na Gwanzu uku da rabi na washegari. Na ƙirga da yatsu, awa 26! Maƙwabcina a Kantin Kwari, wanda ya saba da hanyar, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, cire bakwai. Agogonsu ya riga namu." Ashe awa 19 ce, har da zaman jira.

Zangon farko bai da wahala. Kano zuwa Adis kilomita 3,300 ne da 'yan kai, awa huɗu da rabi, ka ci abinci ka ɗan runtsa an iso. Sai dai ka riƙe rigar sanyi a hannu. Garin yana kan tudu, sama da mita 2,300, ni kuwa da 'yar shaddata na sauka filin Bole, na yi awa huɗu ina makyarkyata.

Zango na biyu shi ne aikin. Kilomita kusan 8,000, awa goma cur a kujera ɗaya. Mun tashi bayan sha biyun dare, kuma da yake gabas muka nufa, rana muke tara. Ban yi barcin kirki ba na ga haske yana leƙowa ta gefen marufin taga, alhali agogon hannuna, da ban taɓa shi ba tun Kano, yana cewa har yanzu tsakar dare ne. Da kyar na samu Asuba, a zaune. Tun daga nan na koma bin taswirar da ke allon gaban kujera maimakon agogo.

Ma'aikatan jirgin sun kyauta, ruwa da shayi ba su yanke ba, abincin ma da zafinsa, kayana kuma sun iso cif. Kuskuren nawa ne da na zaɓi kujerar taga don in ga duniya. Duniyar me, duhu ne sai gajimare. Mutum biyu na barci tsakanina da hanya, kunya ta hana ni tayar da su, na sauka ƙafa a kumbure har takalmi ya ƙi shiga.

A dawowa an ƙara mana kusan awa guda, domin iskar sama daga yamma take kaɗawa, jirgin yana karo da ita. Wannan karon kujerar bakin hanya na nema tun wurin awon kaya, na sa silifa, duk bayan awa biyu in miƙe in taka zuwa bayan jirgi. Hanyar dai zan sake bin ta in Allah Ya kai mu baje-kolin kayayyaki da ake yi a Gwanzu a watan Oktoba.